Motar esans mai gudu ko ta lantarki: wacce ta dace da mazaunin Yamai mai zuwa Tawa?

Tambayar da aka aiko: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Yamai, ina son in sauya tsohuwar Corolla ɗina. Raina ya rabu biyu. Ko in sayi mota mai lafiyar gudu irin BMW 330i, Mercedes C300 ko Camry V6, ko in koma ta lantarki irin Tesla Model 3 ko BYD Atto 3 da ake ta yabo. A rana nakan yi kamar kilomita 40 cikin gari, kuma duk wata biyu ina zuwa Tawa gaida iyaye. Mota ɗaya ce a gidan. Me kuke gani?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu biyu da ka faɗa a ƙarshe su ne suka yanke maganar: zuwa Tawa, da kuma cewa mota ɗaya ce a gida. Da wannan hali, kada ka sayi ta lantarki zalla a yanzu. Kada kuma ka ruga wajen ta Jamus mai turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Abin da zai ɗauke ka shi ne ɗayan biyu: V6 (inji mai silinda shida) ta Japan marar turbo in har gudun ne a ranka, ko motar da ta haɗa inji da batir, wadda ake kira ibrid. Amma tunda kuɗi ne masu yawa za ka fitar, bari a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, don wasu daga cikinsu suna iya sauyawa in halin gidanka ya sauya.

Mu fara da hanya. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kusan kilomita 550 ne. Atto 3 tana da batir na kilowat-awa 60 da ɗan ɗoriya, takardarta kuma ta ce kilomita 420 bisa ma'aunin Turai na WLTP. Wannan adadi an same shi ne a ɗakin gwaji, cikin sanyin digiri 23, ba kilim, da gudu mai sauƙi. Ka sa ta a gudro a watan Afrilu, zafi 43, kilim na aiki, iyali da kaya a baya, kana gudun 100 zuwa 110, za ta ci kusan kilowat-awa 20 a kowane kilomita 100. Ka bar kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, abin da ya rage maka 54 ne, wato kilomita 270. Kana shiga Dogon Dutsi batir na ƙarewa, kuma rabin tafiya kawai ka yi. Babu jerin wuraren caji mai sauri a wannan hanya da mutum zai ɗora tafiyarsa a kai. In ka roƙi wani gida ka jona a piriz na bango, wanda ke ba da kilowat 2.3, sai ka kwana ka yini, awa 26 ko fiye, kafin ta cika. Tafiyar wuni ɗaya ta koma ta kwana biyu da rabi, kuma haka za ka sake yi a dawowa. Camry kuwa lita 8 take sha a irin wannan gudu, lita 45 zuwa 50 sun kai ka ƙofar gida, in ka ga dama ka ƙara a Ƙonni cikin minti biyar.

Ka lura da wani abu game da lambobin nisan da masu sayarwa ke faɗa. Ma'auni uku ne ke yawo. CLTC na Sin shi ya fi kowa ƙari, WLTP na Turai yana tsakiya, EPA na Amurka ya fi kusa da gaskiya. In dillali ya ce maka mota tana yin 510, kuma daga Sin aka kawo ta, ka cire kashi ɗaya cikin uku tun kafin ku ci gaba da magana.

To a cikin gari fa? Nan ta lantarki ta fi ƙarfin duk waɗanda ka lissafa. Tun watan Yulin 2024 aka mai da litar esans sefa 499. Mota mai gudu irin 330i ko V6, a cinkoson gadar Kennedy da kilim a kunne, lita 12 take sha a kilomita 100, wani lokaci 14. Kusan jikka 6 ke nan. Ta lantarki a gari tana cin tsakanin kilowat-awa 17 da 20 a kilomita 100, kuma kilim ne ke kai ta can: yana jan kilowat 1 zuwa 2 a kai a kai, kuma a cinkoso awa ake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mu ɗauki 20, mu sa kuɗin kuran sefa 100 a kowane kilowat-awa don lissafi ya zo da sauƙi (ka ɗauko faktir ɗinka na NIGELEC ka raba jimlar kuɗin da adadin da ka sha, ka sa naka a wurin). Jikka 2 ke nan. A shekara, in ka yi kilomita 15,000, mai esans ya kashe jikka 900, mai lantarki jikka 300. Rarar jikka 600 ba abin wasa ba ne, ga babu bidanj, babu buji, babu matatar mai, birki ma ba ya saurin cinyewa tunda motar da kanta take rage gudu tana mai da wutar cikin batir.

Sai dai a sa ta uku a sikeli. Camry ibrid mai inji 2.5 lita 6 take sha a gari, jikka 3 a kilomita 100, jikka 450 a shekara. Ka ga tazarar da ke tsakaninta da ta lantarki ta faɗo zuwa jikka 150 kacal, kuma ita tana zuwa Tawa ta dawo ba tare da ta roƙi kowa piriz ba. Yawancin masu tallan motar lantarki da mai shan lita 12 suke gwada ta, ba su cika kawo wannan lissafin ba.

Yanzu maganar kuran, wadda ita ce gindin komai. Motar lantarki a ƙasar nan a gida ake ciyar da ita, don haka kafin ka duba mota, ka duba kontar. Gidaje da yawa a kan kilowat 3 ko 6 suke. Kilim ɗaya na ɗaki yana jan kilowat 1 da ɗan wani abu, ga firiji, ga famfon ɗaga ruwa. Na'urar caji ta bango mai amfiya 32 ita kaɗai kilowat 7.4 take ja. A kan kontar mai 6, kana jona ta disjonktar zai faɗi, gida ya yi duhu. Mafita biyu ce: ko ka nemi a ƙara maka ƙarfin kontar, ko ka rage na'urar zuwa amfiya 16, wato kilowat 3.7. Ga mai kilomita 40 a rana wannan ya isa har da saura, domin kilowat-awa 8 zuwa 9 kake buƙata, awa biyu da rabi ke nan. Piriz na bango ma zai iya mai da maka su cikin awa huɗu.

Amma piriz ɗin ne abin tsoro. Wanda ke bangon yawancin gidajenmu an yi shi ne don talabijin da fanka, ba don ya ɗauki amfiya 10 awa huɗu a jere kowace rana ba. Ka taɓa ganin piriz da ramukansa biyu suka yi launin ƙasa-ƙasa, robar ta ɗan lanƙwashe, yana warin ƙonewa? Haka ake farawa. Ƙarfen ciki ya saki, wuta na tsallakawa, zafi na taruwa a bayan bango inda ido ba ya kai. Abin da ya kamata shi ne layi na daban tun daga allon wutar gida har garaji, ba haɗi a tsakiya, ba wayar ƙari da ake shimfiɗawa a tsakar gida. Amfiya 16 na son wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, 4 in layin ya yi tsawo. Amfiya 32 na son mai 10, da disjonktar mai 40. A sa makarin da ke yanke wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30, nau'in B, ko nau'in A in na'urar cajin tana da nata tsaron na ciki. A ƙara makarin tsawa, saboda hadarin damina da kuma yadda kuran ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, wanda shi ya fi kashe na'urar cajin da ke cikin mota.

Sai sandar ƙasa, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Motoci da yawa ba sa karɓar caji sam in ba su ji wayar ƙasa mai kyau ba, sai ka ga fitilar na'urar tana ƙyafta ja, ka ɗauka motar ce ta lalace. Ƙa'idar Faransa da masu aikin wutarmu suka koya ta ce turjiyar ƙasa kada ta wuce om 100. Ƙasarmu yashi ce, kuma daga Maris zuwa Mayu ta bushe ƙarau, sandar da ta yi daidai a Agusta tana iya kasawa a bazara. A kafa sanda biyu ko uku masu tsawon mita 2, da tazara tsakaninsu, a haɗa su, a wurin da ke samun laima, kuma a auna da na'ura a lokacin rani. Mai aikin da ya ce maka ya gane da ido, ka sallame shi.

Ɗaukewar wuta kuwa ka fi kowa sani. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa, na Yamai ta layin Birnin Kebbi. Da aka yanke shi a watan Agustan 2023 kowa ya ji a jikinsa, sai a Maris ɗin 2024 ya dawo. Tashar Goru Banda da gonar hasken rana mai megawat 30 da ke gefenta sun rage zafin abin, a jihar Tawa ma akwai ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, amma madatsar Kandaji ba ta fara ba da wuta ba, kuma a watannin zafi buƙata ta fi abin da ake samu. Wannan bai hana motar lantarki aiki a gari ba: batir mai 60 yana ɗaukar mai kilomita 40 kwana biyar ko shida, ko an yi kwana biyu ba wuta ba za ta tsaya ba. A yi adalci kuma, esans ma ba ya da tabbas. Matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take iya tacewa a rana tun buɗe ta a 2011, kuma a Maris ɗin 2025 an ga layin motoci a tasoshin mai na Yamai har ya zagaye unguwa. A waɗannan kwanaki mai motar lantarki shi ke wuce mutane.

Wanda ke tunanin zai riƙa caji da gurup, ya sake lissafi. Ƙaramin gurup na esans yana ƙona kusan rabin lita kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. Kilowat-awa 20 lita 8 zuwa 10 ke nan a kilomita 100, ka dawo inda ka baro, ga ƙara ga hayaƙi. Hasken rana ne abokin tafiyarta na gaskiya. A nan kowane kilowat ɗaya na faranti yana ba da kilowat-awa 4 da rabi zuwa 5 a rana in ana share ƙura, don haka faranti huɗu ko biyar masu wat 550 sun biya kilomita 40 ɗinka. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a gida ko a shago tsakanin hantsi da la'asar. In da dare kaɗai take kwana gida, sai ka sayi batir na ajiya, kuɗin ya ninka. Mota kuma ba ta fara caji ƙasa da amfiya 6, kusan kilowat 1.4, don haka ƙaramin sola na fitila da fanka ba zai motsa ta ba.

Zafi shi ne babban maƙiyin batir, musamman in ya haɗu da cika. Batir da aka cika ɗari bisa ɗari aka ajiye a rana tsaka yana tsufa ko motar ba ta motsa ba. Saboda haka tsohuwar Nissan Leaf, wadda ita ce ta fi araha a kasuwar na hannu, ba ta ƙasar nan ba ce. Batirinta ba ya da ruwan sanyaya, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, suka fara kuka da saurin raguwar ƙarfinsa. Araha ba ta ado. In za a saya, a nemi mai sanyaya batir da ruwa ko da iskar kilim, kuma mai sinadarin LFP, wanda ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Motocin BYD na yanzu shi suke amfani da shi, haka ƙaramar Model 3 da aka ƙera a Sin. Mai LFP ana cika shi ɗari sau ɗaya a mako don ma'aunin ya daidaita. Ɗaya nau'in, NMC, a tsai da shi a 80 sai ranar tafiya. Kowanne dai yana son rumfa.

Bakin caji ma iri-iri ne, kuma ya danganta da inda motar ta fito. Ta Turai Type 2 da CCS2, ta Sin GB/T, ta Amurka CCS1 ko bakin Tesla, ta Japan CHAdeMO. A cajin gida mahaɗi mai sauƙin kuɗi yana warware matsalar. A caji mai sauri mahaɗin yana da tsada kuma ba kullum yake aiki ba. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin Sin wani lokaci allonta da Sinanci yake, manhajar wayarta kuma tana neman lambar waya ta can. Garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 da kamfanoni suka saba bayarwa a kan batir ba ya bin motar da ɗan kasuwa ya shigo da ita da kansa.

Bari mu koma ɗaya ɓangaren, kada ka ɗauka na esans ɗin lafiya lau suke. Ka buɗe murfin tankin 330i ko C300, za ka ga takarda a liƙe da lambar oktan, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da wuri ba: 95 ake so, 91 shi ne ƙarshen abin da za ta haƙura da shi. In daga Amurka ta zo za ka ga 91 ko 93, amma ma'auninsu daban ne, 91 nasu ya yi daidai da 95 namu. A tasoshinmu famfon super ɗaya ne, ba a tambayar ka wanne kake so. Injin turbo yana matse iska da mai sosai, in oktan ya gaza kuma iskar da ke shiga ta kai digiri 45, mai yakan fashe kafin lokacinsa. Akwai na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasa, sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin buji don ta ceci inji. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafin salansa ya hau. Ka biya kuɗin ƙarfin doki 255, da azahar a bazara ba duka kake hawa ba. Man kwalba na bakin hanya kuwa sai a guje shi, domin famfon waɗannan injuna yana tura mai da matsi mai ƙarfi, bar 200 zuwa 350 a ma'auni, ta ramuka ƙanana ƙwarai. Ɗan ruwa ko yashi kaɗan ya isa ya kashe injekta, kuma ba a gyara su da allura da bakin makanike kamar na tsohuwar Peugeot.

Akwai kuma cututtukan da aka san su da su. Injunan Jamus an tsara su su yi aiki da zafi sama da digiri 100, kuma bututun ruwansu, tulun ruwa da gidan tamostat roba ne. A zafinmu robar na bushewa ta tsage ba sallama, yawanci tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ruwa ya tsiyaye cikin minti biyu, kan inji ya lanƙwashe. BMW 328i ta 2012 zuwa 2015 mai injin N20 an san ta da lalacewar robar da sarƙar inji ke gudu a kai. Audi A4 mai 2.0 turbo ta wajejen 2009 zuwa 2011 an san ta da shan man inji. Duk injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, baƙin gawayi na taruwa a bayan bawul ɗin shan iska tunda mai ba ya wanke su, sai mota ta fara rawa da safe. Kwamfutar motar za ta ce maka bidanj sai bayan kilomita 15,000 ko fiye, wannan na titin Jamus ne. Da ƙurar hunturu, kada ka wuce 5,000 zuwa 7,000, da man da ya cika ƙa'idar kamfanin, matatar iska kuma a duba ta kowane wata. Kayan gyara ana samun su, amma da yawa sai an yi oda, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya na ɗaukar lokaci ta hanyar Lome da Burkina. A Tawa, in fitilar inji ta kama, samun mai na'urar da ke karanta BMW da kyau wani aiki ne.

Shi ya sa V6 ta Toyota ta fi kwanciyar rai. Injin 3.5 da ake kira 2GR ba ya da turbo, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma a Camry an yarda masa da man oktan 91. Camry ta 2018 zuwa 2024 mai wannan inji doki 301 gare ta, daga tsaye tana kai gudun 100 cikin kusan daƙiƙa 6, kafaɗa da kafaɗa da 330i da ƙaramar Model 3, gaban Atto 3 mai 7.3. Tana da injekta iri biyu, na cikin silinda da na bakin bawul, don haka matsalar gawayi ba ta dame ta ba. Ba za ta ba ka daɗin kwana irin na BMW ba, tayoyin gaba ne ke ja, sitiyarinta ma bai kai ba. Amma ina kwanar take tsakanin Doso da Ƙonni? Abin da kake buƙata a can shi ne ƙarfin wuce babbar mota cikin daƙiƙa kaɗan, kuma tana da shi. Lexus ES 350 ita ce dai a cikin babbar riga. IS 350 ta fi su armashin tuƙi amma tana son mai na sama, IS 250 kuma ka bar ta, gawayi ne ciwonta. A tsofaffin 2GR na 2007 zuwa 2010 a duba bututun mai na roba da ke gefen inji ko an sauya shi da na ƙarfe, a duba famfon ruwa ko yana ɗiga.

Wani abu da ya haɗa su duka, na esans da Tesla, shi ne kusancin ƙasa. 330i, IS da Model 3 duk wajen santimita 14 ne tsakanin cikinsu da ƙasa, Camry ta ɗan ɗara da kaɗan. Atto 3 tana da 17 da rabi, RAV4 kusan 20. Ka tuna tudun rage gudu da ke ƙofar kowane gari a hanyar Doso, da layukan unguwa bayan ruwan Agusta. A motar esans abin da ke gogar ƙasa kaskon mai ne ko salansa. A ta lantarki batir ne shimfiɗe a ƙarƙashin, abu mafi tsada a jikinta, kuma lotsawa ɗaya mai zurfi na iya sa a ce sai an sauya shi gaba ɗaya. Ka sunkuya ka karanta gefen taya ma. In ka ga 225/40 R19, tsayin robar kashi 40 ne cikin ɗari na 225, wato santimita 9 kacal tsakanin janti da bakin rami. 215/55 R17 tana da kusan 12. Waɗannan santimita uku su ne bambancin jin gif a wuce, da tsayawa bakin hanya da fasasshen janti. Ka zaɓi R17, ko da R19 ta fi kyau a ido. BMW da yawancin na lantarki ba sa zuwa da tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana, sai ka saya da kanka, da jak.

Gyaran ta lantarki kaɗan ne, amma wanda ya zo ba na kowa ba ne. Duk wayar da ka ga ruwan lemo a jikinta tana ɗauke da bolt 400 ko kusa, tana kisa nan take, ba wurin gwajin yaron garaji ba ne. Kwamfaresan kilim ɗinta na lantarki ne, yana da mansa na musamman marar wuce wuta. In mai gyaran kilim ya zuba masa na motar esans, ko ya yi aiki da tiyon da ya saba, motar na iya nuna zurarewar wuta ta ƙi tashi. Wannan ya shafi ibrid ma. Ba a jan ta da igiya tayoyin da ke ja suna ƙasa, sai a ɗora ta a kan babbar mota. Abin da ya fi tsai da su kuma ba babban batir ba ne, ƙaramin nan ne mai bolt 12, wanda zafi ke kashewa cikin shekara biyu kamar na kowace mota.

In Hajiya na da mota, ko za ka riƙe Corolla don tafiyar Tawa, to maganar ta juya: sayi ta lantarki mai ɗan tsayi, mai LFP, ka ja layinka, ka kafa faranti. Za ka sami shiru, da saurin tashi daga danja da babu V6 da za ta ba ka, kuma irin su Atto 3 da Hyundai Ioniq 5 suna fitar da wuta kilowat 3 da wani abu, abin da zai riƙe firiji, fankoki da fitilun gida dare da yawa in an ɗauke kuran. Akwai kuma ta tsakiya, ibrid mai jonawa a bango. RAV4 Prime tana da batir mai kilowat-awa 18, tana yin kilomita 60 da ɗoriya kafin inji ya tashi, doki 302, ga tsayi daga ƙasa. Kilomita 40 ɗinka na kullum da kuran, Tawa da esans. Ita ce ta fi dacewa da tambayarka a takarda, sai dai tana da tsada, duwan kuma a kan darajar mota yake lissafi, kuma kana ɗauke da inji da babban batir duka biyu. Wajen sayarwa ma ka sa a rai cewa Toyota ko gobe ka kai ta kasuwa za ta sami mai so, ta lantarki kuwa mai saye zai tsaya yana tambayar batir.

Kowacce ka tsayar, kada ka biya kafin a ɗaga ta sama a duba cikinta. Yawancin na Amurka daga gwanjon motocin haɗari da ambaliya suke fitowa, don haka a binciki tarihinta da lambar shasi mai harafi 17. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, a duba ko akwai busasshiyar laka a ramin tayar safiya. Ta esans a tayar da ita da sanyin safiya kafin mai ita ya ɗumama ta, a saurari ƙarar sarƙa a daƙiƙun farko, a sa na'ura a ga ko an goge lambobin matsala kwanan nan. Ta lantarki a karanta lafiyar batir da na'ura, ba abin da allon gaba ke nunawa ba: ƙasa da kashi 85 a rage kuɗi sosai ko a bari, kuma a duba ko wani daga cikin ƙananan batiran da suka haɗu suka yi babban ya yi nisa da ƴan'uwansa a ƙarfin wuta. A jona ta a caji a gabanka na minti talatin. In ibrid ce, ka nemi ramin iskar da ke gefe ko ƙarƙashin kujerar baya, ta nan fanka ke sanyaya batir. Ka ciro ragar ka duba. In ta toshe da ƙura da gashi, batirin ya daɗe yana dahuwa, kuma bayan ka saya, wanke ragar nan duk wata biyu, kowane wata a lokacin hunturu.